RUWA BA YA TSAMI BANZA: Me ke sa tabkinmu ya yi tsanwa?

  

Yau zancenmu a kan tabki ne.

Kowa ya san yadda tabkin gari yake a farkon damana. Ruwa ya cika shi, ja wur saboda laka. Kwaɗi suna kuka, yara suna murna. Bayan girbi laka ta kwanta, ruwan ya ɗan yi haske. Amma a wasu garuruwa, kafin ɗari ya wuce, sai ruwan ya juya. Ya yi tsanwa kamar miyar kuka. Kumfa ta taru a gefen da iska ke kaɗawa. Wari ya tashi. Wata safiya a tarar kifi ya taso, ciki sama.

Wasu su ce an zuba guba. Wasu su ce aikin iskokin ruwa ne. Magabata kuwa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa abin da ke ɓata tabki abu ne da muka sani, har muna sayen shi da kuɗinmu. Sunansa fosfor.

Ga maganar da muke so kowa ya riƙe: fosfor abincin gona ne. In ya zauna a gona, ya zama hatsi. In ya gangara tabki, ya zama cuta.

MENE NE FOSFOR?

Fosfor wani sinadari ne da Allah ya sa cikin ƙasa. Shuka tana jan shi da saiwa. Bisa ta ci shuka, ta samu. Mutum ya ci hatsi da nono da nama, ya samu. Mafi yawan fosfor ɗin jikinmu yana cikin ƙashi da haƙora. Wanda jiki bai riƙe ba yana fita ta fitsari da bayan gida. Wani Bajamushe mai suna Hennig Brand ne ya fara ware shi, a shekara ta 1669, kuma daga fitsari ya fitar da shi. Ko a gefen kwalin ashana, wurin da ake ƙyastawa, akwai fosfor.

Yanzu kun iya karatu. Ku ɗauko buhun takin zamani ku duba. Za ku ga lambobi uku.

15-15-15: lamba ta farko ta azot ce, mai sa ganye. Ta tsakiya ta fosfor ce, mai sa saiwa da ƙwaya. Ta ƙarshe ta potas ce, mai ƙarfafa kara.

DAP, 18-46-0: cikin ukun nan, wannan ya fi yawan fosfor.

Ure, 46-0-0: wannan ba shi da fosfor ko kaɗan.

Lambar tsakiya tana nuna gishirin fosfor da ke cikin kilo 100 na takin. Ana kiran gishirin nan fosfat. Ke nan buhun 15-15-15 mai kilo 50 yana da fosfat kilo 7 da rabi.

Amma ba cikin buhu kaɗai yake ba. Akwai shi cikin kashin bisashe da na kaji, cikin toka, cikin ƙashi da jinin mahauta, cikin juji, da cikin wasu irin garin sabulun wanki.

GONAKINMU SUNA YUNWAR FOSFOR

Ƙasar jigawa irin tamu rairayi ce. Masu binciken noma na INRAN, waɗanda ke da tasha a Tarna kusa da Maraɗi, da na ICRISAT a Sadore kusa da Yamai, sun auna ta shekara da shekaru. Sun gano cewa a cikin abincin shuka, fosfor ne gonakin hatsinmu suka fi rasa. In babu shi, ko an zuba ure, amfanin ba ya kai yadda ake so.

Kun san alamarsa. Hatsi ya tsaya gajere. Saiwa ba ta nisa. Ganyen ƙasa ya yi duhu, wani lokaci ya yi ja-ja. Zangarniya ta fito a makare, ƙarama.

Ƙasarmu Nijar tana da dutsen fosfat a jihar Tawa, kuma an taɓa haƙo shi ana niƙawa don manoma. Amma takin zamanin da muke saye daga waje yake zuwa, da tsada.

To ku duba wannan abin mamaki. Gona tana kukan rashi, tabki yana kukan yawa. Abu ɗaya ne, ya ɓata hanya.

TABKINMU TUKUNYA CE MARAR MAFITA

A ƙasar Tasawa da Mayahi ba mu da babban kogi. Gulbin Kaba ya ratsa ƙasarmu, amma ba ya gudu kamar a zamanin kakanni. Abin da muke da shi tabkunan damana ne, da kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini. Wasu suna ƙafewa da kaka, wasu suna kai wa bazara.

Babban tabki mafi kusa da mu shi ne na Madarunfa, kudu da Maraɗi, wanda ba ya rabuwa da ruwa, masunta da masu garka suna cin abinci a bakinsa. A 2019 an sa shi cikin jerin wuraren ruwa da duniya ta yarda a kiyaye, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Abin da za mu faɗa ya shafi babban tabki irin wannan, ya shafi ƙaramin kududdufin bayan gari.

Kogi yana wanke kansa, don ruwansa tafiya yake yi. Tabki kuwa ruwa yana shiga, ba ya fita. Rana ta sha wani, ƙasa ta tsotse wani, bisashe su sha saura. Amma rana ba ta shan fosfor. Mata sun san wannan. In miya ta daɗe bisa wuta, ruwa ya ragu, gishiri ba ya raguwa, sai ma ya ƙara fitowa. Haka tabki yake. Fosfor ɗin da ya shiga bana yana kwance cikin laka, na baɗi ya zo ya tarar da shi.

TA INA YAKE SHIGA?

1. Ta zaizayar gona. Fosfor yana manne da ƙasar sama, mai laushi. Ruwan farko in ya zo da ƙarfi a gonar da ba icce, ba kara, ba ciyawa, sai ya kwashi ƙasar nan ya kai kwari. Jan ruwan da kuke gani yana gudu, ƙarfin gonarku ne ke tafiya.

2. Ta takin da aka watsa bisa ƙasa ba a rufe ba, musamman a garkar bakin tabki.

3. Ta bisashe. Shanu su shiga har ciki, su sha, su yi kashi da fitsari a nan. Su fito su kwanta a baki, kashi ya taru. Ruwan sama ya tura shi ciki.

4. Ta bayan gida. Inda ba salanga, mutane suna zagayawa bayan gari, kuma sau da yawa nan ne hanyar ruwa. Wasu masu yasar salanga ma a kwari suke zubarwa.

5. Ta juji. Toka, shara, ɓawon abinci da mushe, duka a bakin kududdufi ake tara su.

6. Ta rariyar gidaje, da mahauta, da wurin wanki.

Babu ɗaya cikin shidan nan da baƙo ya kawo mana. Duka aikin hannunmu ne. Wannan labari ne mai daɗi, don abin da hannu ya ɓata, hannu yana iya gyarawa.

ME KE FARUWA CIKIN RUWAN?

Cikin kowane tabki akwai wasu tsirrai ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganin guda ɗaya. In sun taru su ne gansakuka. Suna son rana, suna son zafi, kuma muna da su duka biyu. Abin da ke hana su yawa shi ne ƙarancin abinci, musamman fosfor. Masana sun lissafa cewa kilo 1 na fosfor yana iya haifar da ɗanyar gansakuka har kilo 500.

Ga yadda abin ke tafiya, daki-daki:

Na farko, da damana fosfor ya shiga tare da laka. Lokacin nan ruwan ja ne, hasken rana ba ya shiga, gansakuka ba ta samun dama.

Na biyu, laka ta kwanta, haske ya shiga. Gansakuka ta ci ta ƙoshi, ta rufe ruwa. Kainuwa da kacala su ma su samu abinci, su cinye bakin tabki.

Na uku, kifi yana shaƙar wata iska da ke narke cikin ruwa, wadda ake kira oksijan. Da rana gansakuka tana ba da iskar nan. Da dare kuwa ita ma shaƙa take yi. In ta yi yawa, kafin asuba ta shanye iskar. Shi ya sa da sassafe ake ganin kifi a sama yana buɗe baki, kuma da sassafe ake tarar da shi matacce. Tarwaɗa da gaiwa suna jimrewa, don suna iya shaƙar iskar sama. Karfasa da sauran kifi su ke fara mutuwa.

Na huɗu, gansakuka ta mutu, ta nutse, ta ruɓe. Ruɓewar ma tana cin iska. Nan wari ke fitowa.

Na biyar, in iska ta ƙare a ƙasan tabki, laka tana sakin fosfor ɗin da ta riƙe. Sabuwar gansakuka ta samu abinci. Tabki ya koma yana ciyar da cutarsa da kansa.

Akwai kuma wata irin gansakuka mai tsanwa-shuɗi, wadda ke taruwa a sama kamar an zuba fenti. Wasu daga cikinta suna da dafi. Dafin yana taɓa hanta ko jijiya. Bisar da ta sha da yawa tana iya rawar jiki, ta kasa numfashi, ta faɗi cikin ɗan lokaci. Yaron da ya yi wanka yana iya samun ƙaiƙayi, jan ido, amai ko zawo.

Ku lura da kyau: tafasawa ba ta kashe dafin nan. Tacewa da ƙyalle ma ba ta cire shi. Ƙyalle ya taimake mu a yaƙin kurkunu, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da shi. Amma dafin gansakuka narke yake cikin ruwa, yana bi ta ƙyalle.

GANI YA KORI JI

Ta yaya aka tabbatar fosfor ne mai laifi? An yi gwaji.

A ƙasar Kanada, a 1973, wani masani mai suna David Schindler da abokan aikinsa suka samu wani tabki mai siririn tsakiya. Suka raba shi biyu da labulen roba. Suka zuba azot da sukari a ɓangare ɗaya. A ɗaya ɓangaren suka zuba azot da sukari, suka ƙara fosfor. Kafin lokacin zafi ya wuce, ɓangaren fosfor ya yi tsanwa shar. Ɗayan yana nan garau. Tabki ɗaya, rana ɗaya, bambancin fosfor ne kaɗai.

A Amurka akwai wani birni, Toledo, a bakin babban tabkin Erie. A watan Agusta na 2014 dafin gansakuka ya shiga ruwan famfo. Mutum fiye da 400,000 aka hana su sha har kusan kwana 3. Aka ce musu kar ma su tafasa. Yawancin fosfor ɗin daga gonaki ya gangaro.

A nan Afirka, a ƙasar Botswana, giwaye 330 suka mutu a 2020. Hukumar ƙasar ta ce dafin gansakukar tabkunan da suke sha ne ya kashe su. Abin da ya ka da giwa, ina ga akuya?

Akwai kuma labarin gyara. Tabkin Leman, tsakanin Suwis da Faransa, ya cika da fosfor har a 1979 abin ya kai iyaka. Aka gina wuraren tace ƙazamin ruwan birane. A 1986 Suwis ta hana sa fosfat cikin garin sabulun wanki. Fosfor ɗin tabkin ya yi ta raguwa har ya koma ƙasa da kashi 1 cikin 4 na yadda yake a da. Amma sai da aka yi shekara fiye da 30. Rigakafi ya fi magani. Namu tabkunan ƙanana ne, kuma da yawa suna ƙafewa da rani, don haka gyaransu ya fi sauƙi.

YADDA ZA KU AUNA TABKINKU

Ba kowane tsanwa ne cuta ba. Ɗan tsanwa kaɗan abincin kifi ne. Masu kiwon kifi ma sukan sa ɗan taki da gangan. Yawan ne ke kashewa. Ga awo uku da ba su bukatar kuɗi.

Awon hannu. A sa hannu cikin ruwa har gwiwar hannu. In ana ganin tafin hannu dishi-dishi, tsanwan daidai ne. In tafin ya ɓace tun kafin ruwa ya kai gwiwar hannu, ya yi yawa. Awon nan na ruwa mai tsanwa ne, ba na jan ruwan laka ba. Kar a yi shi inda kumfa ta taru, kuma a wanke hannu da ruwan rijiya bayan an gama.

Awon sanda. A tsoma sanda cikin tsanwan a ɗago. In ta fito da zare-zare kamar gashi, gansakuka ce ta kullum. In ta fito kamar an shafa mata fenti, a yi hattara.

Awon kwalba. A cika farar kwalba, a rufe, a ajiye cikin inuwa mai sanyi ta kwana. In da safe abin ya kwanta a ƙasa, laka ce ko gansakukar kullum. In tsanwan ya taso ya yi zobe a sama, ana zaton mai dafin ce.

In kun ga alamar mai dafi: kar a sha, kar a yi girki, kar yara su shiga. A shayar da bisashe a rijiya. Kar a ci kifin da aka tsinta matacce. A sanar da maigari, da ma'aikatan gandun daji, da likitan bisashe. Wanda ya kamu da amai ko zawo, a kai shi asibiti.

ABIN YI A GONA

1. A sa taki cikin rami, kar a watsa. Masu binciken ICRISAT sun nuna dabarar ɗan tsunkule: giram 6 na 15-15-15 a kowane ramin hatsi, wato cikin marfin kwalbar lemo ɗaya, ko giram 2 na DAP, wato tsunkulen yatsa uku. A hekta mai rami 10,000, kilo 60 ke nan na 15-15-15, ko kilo 20 na DAP. A rufe da ƙasa. Shuka ta samu, ruwa bai samu ba, aljihu ya huta. Ku tambayi malamin gona ya nuna muku yadda ake sawa don kar ya ƙone iri.

2. Kar a zuba taki in hadari ya haɗu sosai. A bari ruwan ya wuce, ƙasa tana da laima.

3. A ci gaba da sassaben zamani. Jiharmu ta Maraɗi ce ta koya wa duniya barin tohon itace a gona tun shekarun 1980. Gawo, kalgo da sabara suna rage ƙarfin iska da ruwa, suna riƙe ƙasar sama.

4. A bar wani abu na kara a gona. A yi rabin wata da tassa a fako. Inda akwai duwatsu, a jera su a gicciye da gangare.

5. A dasa gamba a iyakar gona ta wajen gangare. Tana tare ƙasa, kuma ga zana da jinka.

ABIN YI A GIDA DA CIKIN GARI

1. Kowane gida ya yi salanga. Ta yi nisan mita 30 ko fiye daga rijiya da tabki. A cikin Gulbin Kaba, inda ruwan ƙasa ke kusa, kar a zurfafa ramin har ya kusanci ruwa.

2. A ɗauke juji daga bakin tabki. A haƙa ramin taki a gida ko a gona: toka, kashin bisashe, shara mai ruɓewa, a riƙa yayyafa ruwa. A ware leda, batir da kwalba. Da rani a kwashe da amalanke zuwa gona.

3. Ruwan wanki da na wanka, a yi masa ɗan rami da tsakuwa, ko a kai shi gindin icce.

4. Mahauta su tara jini da kayan tumbi a rami, kar su bar su su bi kwata.

5. Maƙwabtanmu na Agye sun gwada wata dabara a 2009. Suna tara fitsari cikin bido, su rufe, su ajiye, su kai gona. Suka sa masa suna takin ruwa. Bayan haka matan ƙungiyar manoma ta Fuma Gaskiya, tare da masu bincike, suka gwada shi a gonakin hatsi daga 2014 zuwa 2016, suna kiran shi Oga. Suna ajiye shi a rufe wata 2 zuwa 3 kafin a yi aiki da shi. Amfanin ya ƙaru da wajen kashi 30 cikin 100. A gefen shuka ake zubawa, ba bisa ganye ba, a rufe da ƙasa, a wanke hannu da sabulu. Wanda ransa bai kwanta ba, babu tilas. Abin da ba mu so shi ne ya tafi tabki.

ABIN YI A BAKIN TABKI

1. A bar wa tabki ɗamara. A kewaye shi da ciyawa, gamba da itatuwa, faɗin mita 10 ko fiye. Kar a yi noma, kar a zuba taki cikin ɗamarar nan. Ita ce matacin tabki.

2. A tsai da mashaya ɗaya ko biyu. Ruwan tabki na kowa ne, kuma doka ta hana toshe wa bisashe hanyar ruwa. Ba a korar makiyayi. Abin da ake roƙo shi ne, in bisashe sun sha, a kai su su kwanta nesa da baki. Mafi kyau su kwanta a gonar da aka girbe. Wannan tsohuwar al'ada ce tsakanin manomi da makiyayi: kai ka ba ni taki, ni in ba ka hatsi. A raya ta.

3. Kashin da ya taru a mashaya, a kwashe shi kafin ruwan farko. Taki ne na kyauta.

4. A ɗebi ruwa a yi wanki a tudu, nesa da baki.

5. A riƙa kwashe kainuwa da ciyawar ruwa da gayya. Duk abin da aka fitar, an fitar da fosfor ke nan. A kai shi ramin taki, kar a bar shi a baki. A ƙasar Senegal an gwada wannan a ƙauyukan bakin ruwa, aka bayyana sakamakon a 2023. Da aka kwashe ciyawar da katantanwa ke ɓoye ciki, tsargiyar hanji ta ragu ga ƴan makaranta, ciyawar kuma ta zama taki da abincin bisashe. Masu aikin su yi amfani da manjagara mai dogon ƙota da takalmin roba, don tsargiya ta fata take shiga.

6. In tabki ya ƙafe, a yi yasa. Baƙar lakar sama ita ce rumbun fosfor. A kankare ta a kai gonar jigawa. Abin da ruwa ya sata, an maido shi ke nan. Amma a kula da abu biyu. Kar a haƙa har a huda yumɓun ƙasan tabki a kai ga rairayi, in ba haka ba tabkin zai riƙa yoyo. Kuma lakar kududdufin cikin gari, inda ake zuba batir da ƙazanta, kar a sa ta a garkar salati da tumatir.

WA ZAI YI?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In mutum goma sun kiyaye, ɗaya yana zuba juji, aikin ya ɓaci.

Dokar ruwa ta Nijar, ta ranar 1 ga Afrilu 2010, ta ce ruwa dukiyar al'umma ce baki ɗaya, kuma wanda ya ɓata shi, shi ke da nauyin biya. Amma doka tana Yamai, tabki yana bayan gidanku. Ku ne masu gadi.

Muna ba da shawara kowane gari mai tabki ya zauna gaban maigari. A kira liman, da sarkin noma, da wakilan makiyaya, da masunta, da masu yin tubali, da mata, don su suka fi kowa zuwa bakin ruwa. A kafa ɗan kwamiti. A shata ɗamara da mashaya tare da kwamitin filaye na gari, wato COFOB, a rubuta a takarda, a kai kwafi ofishin komin. A sa ranar gayya biyu a shekara: ɗaya kafin damana don kwashe juji da kashi, ɗaya da rani don yasa.

Ku kuma ɗaliban yaƙi da jahilci, ga aikinku. Ku samu littafi ɗaya na tabki. Kowane mako ɗaya daga cikinku ya rubuta kwanan wata, launin ruwa, ko akwai wari, ko kifi ya mutu, ko wata bisa ta yi ciwo. Bayan shekara biyu, littafin nan zai gaya muku ko aikinku yana ci. Ranar da ma'aikaci ya zo, ba za ku ce "muna jin kamar" ba. Za ku buɗe ku karanta masa. Amfanin karatu ke nan.

LISSAFI

1. Wani manomi yana da gona hekta 2 da rabi. Kowace hekta rami 10,000. Yana sa giram 6 a rami. Kilo nawa yake bukata? Buhu nawa ke nan mai kilo 50?

2. In DAP ya sa, giram 2 a rami, kilo nawa zai ishe shi?

3. In kilo 1 na fosfor yana iya haifar da gansakuka kilo 500, kilo 3 fa?

TAMBAYOYI DON MUHAWARA

1. Yaya tabkin garinku yake lokacin da dattawa suke yara? Yaya yake yau?

2. Cikin hanyoyi shida da muka lissafa, wace ce ta fi ƙarfi a garinku?

3. Wane aiki za ku iya farawa cikin watan nan ba tare da kuɗi ba?

Ku tattauna da malaminku. Ku rubuto mana amsa da hannunku, ku faɗi sunan garinku da sunan tabkinku. Za mu buga wasiƙunku a jarida ta gaba.

Taki a gona, ruwa a tabki.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kiyaye mu da bisashenmu. Amin.